Ingila ko Amurka: Turancin wa za ka rubuta, wa zai ba ka dariya, motar wa za ka saya?

Ka tsaya a kowane gareji a Kano ko Kaduna ka kasa kunne na minti biyar, za ka ji Turancin Ingila yana fita har daga bakin wanda bai taɓa shiga ajin boko ba. Maigida ya ce wa yaronsa ɗaga bonet, buɗe but ka miƙo sifana, salansa ce ta fashe, fetur ma ya yi ƙasa. Duk kalmomin nan daga Ingila muka aro su. Da a Amurka ake, da "hood" za a ɗaga, a buɗe "trunk", a miƙo "wrench", a gyara "muffler", a je a sha "gas". Amma motar da ake wannan kai-kawo a kanta, sau da yawa Camry ce ko Accord wadda ta yi shekara goma tana gudu a titunan Teksas kafin ta hau jirgin ruwa. Baki na Ingila, ƙarfe na Amurka.

Ni a wurina ƙasashen nan biyu taubasai ne. Tun da Amurka ta ɓalle daga ƙarƙashin sarautar Ingila a 1776 suke tsokanar juna irin ta Bafulatani da Babarbare. Mutumin Ingila ya ce Ba'amurke ya ɗauki harshensa ya yi masa kaca-kaca, ga surutu, ga son babban abu. Ba'amurke ya ce ɗan'uwan nasa ba ya iya faɗin abin da ke ransa, yana tuƙi a baibai, kuma ya ɗauka kofin shayi maganin kowace damuwa ne. Su wasa suke yi, amma mu da ke gefe wasan yana taɓa takardunmu da aljihunmu. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa dole ya riƙe rubutun ɗaya. Mai neman mota dole ya san daga inda za ta fito. Ko magidancin da ke neman abin da zai kunna wa iyali bayan isha'i, zaɓi ne a gabansa. Kuma ba ɓangare ɗaya ne ya cinye duka ukun ba.

Bari in fara da alƙalami. Bambancin rubutun ba daga sama ya faɗo ba, da gangan aka yi shi. A 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a Landan, ya zama madubin rubutun Ingila. Sai wani malamin makaranta ɗan Amurka, Noah Webster, ya ga bai dace ƙasar da ta ƙwaci 'yancinta ta zauna tana jiran Landan ta koya wa 'ya'yanta haɗa baƙi ba. Ya fara da ɗan littafin koyon rubutu a 1783, ya kammala da babban ƙamus a 1828. Ta hannunsa "colour" ta zauna a matsayin "color", "centre" ta juya ta zama "center", "defence" ta koma "defense". Burinsa rubutu ya matso kusa da furuci, kuma Bahaushe, wanda ya saba rubuta abin da bakinsa ya faɗa, ba zai ga laifinsa ba.

Duk da haka, idan a Najeriya ko Gana kake, shawarata ka rubuta na Ingila. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 a kan tsarin Ingila ta taso, haka littattafan makaranta, takardun kotu, wasiƙun ma'aikatu da yawancin jaridu. Shi ne abin da idon mai duba takardarka ya saba gani. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci ma na Ingila zai fi zo masa da sauƙi, domin "centre", "programme" da "litre" haka yake rubuta su tun yana firamare. Wanda ya nufi jami'a a Amurka, ko yake yi wa kamfaninsu aiki ta intanet, shi sai ya koma nasu gaba ɗaya. A jarrabawoyin gwajin Turanci na masu neman karatu a waje, IELTS tana karɓar rubutun kowane ɓangare, TOEFL kuwa ta Amurka ce tun asali. Abin da ke zubar da mutum shi ne gwamutsawa: "colour" a sakin layi na farko, "color" a na uku. Sau da yawa ba laifin marubucin ba ne, kwamfutarsa ce ta zo a saite da Turancin Amurka tana ja masa jan layi a ƙarƙashin kalmar da ya rubuta daidai. Ka shiga saitin harshe ka canza shi sau ɗaya, ka huta. Masu rubuta manhaja da shafukan intanet ne kawai ba su da zaɓi, domin a can in ka rubuta "colour" launin ba zai fito ba, sai "color".

Rubutu mai sauƙi ne. Inda ake faɗawa rami shi ne kalmar da sifarta ɗaya amma ma'anarta biyu. Mafi haɗari a ciki ma ba kalma ba ce, kwanan wata ne. Ka rubuta 03/04/2025, mutumin Ingila zai karanta 3 ga Afrilu kamar yadda muke yi, Ba'amurke ya karanta 4 ga Maris, domin shi wata yake farawa da shi. Mai cike fom ɗin biza ko sayen tikitin jirgi ya rubuta sunan watan da baƙi duk inda aka ba shi dama. Hawa na farko a benen Ingila sai ka taka matakala, a Amurka shi ne wanda ka shigo ta ƙofarsa. Ka yaba wa Ba'amurke "pants" ɗinsa, wandonsa ka yaba. Ka yaba wa mutumin Landan, ka yi maganar kamfai. Abin da Ingila ke kira "public school", irin su Eton da aka kafa a 1440, makarantar kuɗi ce ta 'ya'yan manya, a Amurka kuwa makarantar gwamnati ce ta kowa da kowa. Winston Churchill da kansa ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta jayayya a lokacin yaƙin duniya na biyu a kan kalmar "table": na Ingila suna nufin a kawo maganar a tattauna yanzu, na Amurka sun ɗauka ana nufin a jingine ta. Sai da aka sha musu kafin aka gane abu ɗaya suke so.

Mu kam mun daɗe da yin namu rabon. Sule, fam, sisi da kwabo daga aljihun Ingila suka fito, haka tocila, lori da biskit. Amurka ta ba mu jif, har ta zama sunan duk wata doguwar mota ko wane kamfani ya ƙera ta. Kananzir ma ya fi kusa da bakin Amurka, domin a Ingila "paraffin" aka fi cewa. Ko a rediyo Ingila ce ta riga isowa: BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Muryar Amurka sai 1979.

Akwai abin da ƙamus ba ya koyarwa, kuma shi ne ƙofar shiga barkwancinsu. Mutumin Ingila rage magana yake yi, Ba'amurke ƙara mata gishiri. Ka kai wa malamin Ingila aikinka ya ce "not bad", ka yi murna, ya yaba ke nan. Idan ya ce "interesting" yana jan kalmar, to akwai gyara. Idan ya fara da "with all due respect", ka shirya, saɓani ne ke tafe. Ba'amurke kuwa ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce "awesome", saboda haka kada yabonsa ya sa ka sayi rago. Wanda ya tashi a gidan da ake kunya da kawaici, inda "ba laifi" kan ɗauki nauyin yabo mai yawa, zai fi saurin gane mutumin Ingila fiye da yadda yake zato.

Barkwancin Ingila, in za a ba shi suna ɗaya da Hausa, gatse ne. Uwa ta ga yaro yana wasa da wuƙa ta ce, "Ci gaba, ai yatsun naka sun yi yawa." Ko ka fasa kwano a ce maka sannu da aiki. Haka mutumin Ingila zai tsaya a cikin ruwan sama, ya jiƙe sharkaf, ya dubi na kusa da shi ya ce yau gari ya yi kyau, fuskarsa ko gezau. Ba zai yi maka alamar cewa wasa yake ba; gane hakan aikinka ne. Na Amurka kuwa kamar mai ba da labari ne a dandali: ya gina maganar, ya ɗaga murya, ya jefo abin dariyar a ƙarshe, ya dakata a yi shewa. Gwanin Amurka yawanci shi ne mai wayon da ke cikin ɗaki, yana da amsa a bakinsa. Gwanin Ingila shi ne wanda duniya ta fi ƙarfinsa amma ya ƙi yarda.

Shiri ɗaya da ƙasashen biyu suka yi, kowa da nasa, ya isa misali. The Office ya fara a BBC a 2001, labarin David Brent, manajan wani kamfanin sayar da takarda a garin Slough, wanda ya ɗauka ma'aikatansa suna mutuwar son sa alhali haƙuri kawai suke yi da shi. Kana kallo kana dariya kana jin kunya a madadinsa, har ka so ka kau da kai. Kashi 14 aka yi aka rufe. Amurkawa suka ɗauki labarin a 2005 suka kai shi garin Scranton. Da farko sun kwaikwayi na Ingila sak, sai suka lura masu kallonsu ba za su jure zama da mutumin da ba a ƙauna ba. Suka sassauta manajan nasu, Michael Scott, ya zama wawa mai kyakkyawar zuciya, ofishin ya koma kamar gida. Suka yi kashi 201 har zuwa 2013. Na Ingila kamar yaji ne, kaɗan ya isa. Na Amurka tuwo ne, kullum a ci a kwana lafiya.

Ga mai koyon Turanci, na Amurka ya fi. Furucin a fili yake, kuma a shirye-shiryensu da yawa dariyar 'yan kallo tana nuna maka inda wasan yake. Na Ingila yana buƙatar kunnen da ya nuna, musamman in aka shigo da bakin Libaful ko Gilasgo, wanda ko Ba'amurke sai ya nemi a rubuta masa a ƙasan allo. Amma wanda ya taɓa aiki a sakatariya, ina roƙonsa ya nemi Yes Minister, wanda BBC ta fara a 1980. Minista ne da ke son kawo sauyi, da babban sakatarensa da ke ce masa "to, ranka ya daɗe" sannan ya binne maganar a cikin fayil da kwamiti. Tsarin aikin gwamnatinmu daga wurinsu muka gada, saboda haka za ka riƙa ganin fuskokin da ka sani. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: masu barkwancin tsaye a kan dandamali, na Landan da na Amurka duka, bakinsu ba linzami, akwai batsa akwai taɓa addini. Ka fara kallo kai kaɗai kafin ka kunna a falo.

Idan kuwa falon ya haɗa kaka da jika, Ingila ta yi nasara da mutum ɗaya. Mr. Bean na Rowan Atkinson kashi 15 kacal aka yi tsakanin 1990 da 1995, amma da yake kusan ba ya magana, babu wanda ke buƙatar tafinta. Hanyar da Charlie Chaplin ya share ce, shi kuwa an haife shi a Landan a 1889 ya yi suna a Amurka, saboda haka taubasan biyu kowa na cewa nasa ne.

Motar Mr. Bean ma, 'yar ƙaramar Mini ɗin nan da yake rufewa da kwaɗo kamar ƙofar shago, ita ce za ta kai mu ga maganar da ta fi cin kuɗi. An fito da Mini a 1959, bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin mai a Ingila. Injiniya Alec Issigonis ya kwantar da injin a gicciye don ya sami wuri, ya cusa manya huɗu a motar da tsawonta bai wuce mita 3 da 'yan kai ba. A wannan shekarar dai Cadillac ta fitar da Eldorado mai tsawon mita 5.7, da fukafukai a baya kamar za ta tashi. Ba ɗabi'a kawai ta raba su ba, ƙasa ce da haraji. Birtaniya gaba ɗayanta kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta Najeriya, jihar Teksas ita kaɗai ta kusa ninka ta uku. Titunan tsofaffin garuruwan Ingila an shata su tun zamanin doki, wasu ba su fi lungunan cikin birnin Zariya faɗi ba. Gwamnatin Birtaniya tana karɓar fiye da rabin fam a kan kowace litar fetur, ta ɗora harajin saye na kashi 20 cikin 100 a kai. Gwamnatin tarayyar Amurka kuwa santi 18.4 take karɓa a kan galan guda tun 1993, jihohi su ƙara nasu. Shi ya sa akori-kurar Ford F-Series ta shafe fiye da shekara 40 tana kan gaba a kasuwar Amurka, mutumin Ingila kuwa yake lallaɓa ƙaramar mota mai giyar hannu.

Ko galan ɗin nasu ba ɗaya ba ne. Na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka 3.79. Motar da takardar Amurka ta ce tana yin mil 30 da galan, a lissafin Ingila mil 36 ne, a namu kuwa kusan kilomita 13 da lita. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka motar Ingila ta fi tsimin mai alhali mudun ne ya bambanta.

Ina da rauni a kan Landiroba, ba zan ɓoye ba. Ita ce ta kai likitan dabbobi da malamin gona ƙauyukan da ko hanyar kirki babu, kuma abin sha'awa, samfurin farko da aka gwada kafin a fito da ita a 1948 a kan ƙashin Jeep na Amurka aka gina shi. Amma sunayen Ingila yau yawancinsu a hannun baƙi suke: Mini da Rolls-Royce na BMW ne, Bentley na Volkswagen, Jaguar da Land Rover na kamfanin Tata na Indiya tun 2008. Haka nan abin da dillalanmu ke kira motar Amurka galibi sunan Japan gare ta: Honda tana ƙera Accord a jihar Ohayo tun 1982, Toyota tana ƙera Camry a Kentaki tun 1988. Saboda haka tambayar mai saye ba ta sunan kamfani ba ce, ta kasuwar da aka ƙera motar dominta ce.

A nan kam babu dogon tunani, ka sayi wadda aka yi wa hanyar Amurka. Dalilin yana da rana: 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta Nijar, Chadi, Kamaru da Dahome ta wancan lokaci, wato Benin ta yau. Gana ta biyo baya a 1974. Motar da aka yi wa titin Ingila sitiyarinta a dama yake, kuma dokar hanya a Najeriya ba ta yarda da ita ba. Sai a kai ta wurin masu juya sitiyari, a tsinke wayoyi, a yanka ƙarfe, a matsar da birki da totur, a yi walda a wurin da ran mutum ya rataya a kai. Ko an yi aikin da kyau, fitilun gaba an saita su su haska gefen hagu, a hanyarmu kuwa idon mai tahowa ke nan. Arhar da ka samu ba ta kai wannan kasadar ba. Kada a rikita ta da 'yar Beljiyam: wadda ta fito daga Jamus, Holan ko Beljiyam sitiyarinta a hagu yake tun daga masana'anta. Mai son Range Rover ma zai same ta da sitiyarin hagu, sai dai ya tanadi kuɗin kayan gyara da bakaniken da ya san ta da kwamfuta, ba mai gwada sa'a ba. Wanda ke zaune a Ingila kuwa lissafinsa daban ne: ƙaramar mota, ya duba tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta a intanet da lambarta, kuma ya sani in ya ci jarrabawar tuƙi da mota mai canza giya da kanta, lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba.

Motar Amurka ma tana da nata tarkon, kuma na farko a gaban idonka yake. Agogonta mil yake ƙirgawa. In ka ga 100,000, kilomita kusan 161,000 ta ci. Na biyu girman inji: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai silinda huɗu ta fi mai shida zaman lafiya da aljihu, mai takwas kuwa sai wanda ya shirya. Na uku shi ne tarihinta. Da yawa daga cikin motocin da ake lodowa daga gwanjon kamfanonin inshora suke, waɗanda aka yi haɗari da su ko ambaliya ta shanye su, irin ta guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017. Wadda aka buga mata ƙofa ana gyarawa ta yi shekaru. Wadda ta kwana a ruwa kuwa wayoyinta za su yi ta ciwo ɗaya bayan ɗaya. Motocin jihohin arewa masu ƙanƙara kuma gishirin da ake zuba wa titi yana cin ƙarƙashinsu.

Kafin ka biya ko sisi, ka kwafi lambar shasi mai baƙi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In ta fara da 1, 4 ko 5, a Amurka aka ƙera ta; J Japan ce. Ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin ƙofa da ta takardun kwastan, sannan ka biya 'yan kuɗi a ciro maka rahotonta na Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motocin Amurka, ka ga ko an taɓa rubuta mata "salvage" (ta yi mummunar lalacewa) ko "flood" (ambaliya ta shanye ta), ka kuma gwada mil ɗin da ke rubuce da wanda agogo ke nunawa. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ya leƙa ƙarƙashinta ya duba tsatsa, ya buɗe but ya ciro safaya ya ga ko akwai busasshen laka a ramin, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba tabon ruwa. Daga nan ku rufe gilasai, ku bar ta a rana minti goma, ku buɗe ƙofa ku shinshina.